Ra'ayoyin Malamai kan Rigakafin Rashin Ɗa'a a Makarantun Firamare na Gundumar Madarumfa

Tsakure

Wannan maƙala ta auna ra'ayoyin da malaman firamare suka saba bayyanawa game da rashin ɗa'ar ɗalibai da yanayin aikinsu a gundumar Madarumfa, jihar Maraɗi. Matsayarta ita ce, kaso mai yawa na abin da ake kira rashin ji yana tsirowa ne daga tsarin ajin kansa.

Gabatarwa

Madarumfa tana kudu da birnin Maraɗi, ta yi iyaka da jihar Katsina ta wajen Ɗan Isa da Jibiya. Jama'arta manoma ne da 'yan kasuwa da masunta na bakin tafki. Dokar ilimi ta 1998 ce ginshiƙin karatun boko a Nijar, kuma yaro na yin shekara shida a firamare, daga CI zuwa CM2. Tun 1981 ma'aikatar ilimi ta fitar da umarnin hana dukan ɗalibai, ƙasar kuma ta amince da yarjejeniyar 'yancin yara ta Majalisar Ɗinkin Duniya a 1990. Duk da haka tsumagiya ba ta bar aji ba.

Abin da malamai ke cewa

Ra'ayin da ya fi yawo a bakin malamai shi ne tarbiyya daga gida take farawa: yaron da ba ya jin maganar ubansa ba zai ji ta malami ba. Sukan kawo talla da aikin gona da fashin ranar kasuwa a matsayin shaida, wasu su ƙara da cewa tun da aka hana duka yara suka raina malami. Sukan kuma yi kwatance da makarantar allo, inda iyaye ke miƙa yaro da yardar a hore shi.

Akwai gaskiya a nan, kuma bai kamata mai nazari ya yi watsi da ita ba. Sai dai ra'ayin ya ɗora maganin a wurin da hannun malami ba ya kaiwa.

Abin da aji ke haifarwa

A littafinsa na 1970, Jacob Kounin ya nuna cewa abin da ya bambanta malaman da ajinsu ke natsuwa shi ne idonsu yana kan kowa, darasinsu ba ya yankewa. Salon tsawatarwa bayan an yi laifi bai taka rawa sosai ba. Idan aka ɗora wannan ma'auni kan ajin CI a ƙauyukan Gabi ko Safo, matsala ta farko ita ce harshe. Yaro ya tashi da Hausa, ya shiga makarantar boko ana yi masa Faransanci. Wanda bai gane umarni ba zai juya ga na kusa da shi ya tambaya, a rubuta shi cikin masu surutu. A ganina wannan ne laifin da aka fi yi wa yara hukunci a kansa ba da haƙƙinsu ba, alhali Nijar ta fara gwada koyarwa da Hausa tun 1973 a Damagaram.

Sai matsalar rumfar kara da ake yin aji da ita. Ba a kafa ta sai an yi girbi, don haka shekarar karatu kan fara a makare; sauti na ratsa ta daga ajin maƙwabta, yara na zaune a ƙasa a cunkushe. Gobarar da ta kashe yara fiye da 20 a irin waɗannan azuzuwa a Maraɗi cikin Nuwamban 2021 ta nuna haɗarinta ga rai, amma illarta ga natsuwa ta kullum ce. Ga malamin kwantaragi da aka ba aji da ɗan gajeren horo. Ga yaran da hare-haren 'yan bindiga na bakin iyaka suka raba da gidajensu, waɗanda firgicinsu kan fito da kamannin taurin kai.

Hanyoyin da ke hannu

Ba a buƙatar sabuwar hukuma. Taron ƙara wa juna sani na CAPED zai iya ware zama kan tafiyar da aji, inda tsohon malami zai nuna a aikace yadda yake rarraba ɗalibai da ba su ƙananan ayyuka. Kwamitin kula da makaranta na CGDES shi ne wurin da iyaye da malamai za su tsara dokokin makaranta da Hausa, a karanta wa yara a farkon shekara. Batun talla kuwa, ƙungiyar iyaye mata ta AME ce ta fi dacewa da shi, domin uwa ce ke ɗora wa yarinya farantin da safe.