Yadda Ƙawancen Canji Ya Watse a Shekarar da Aka Karya Sefa

Duk wanda ya taso daga Birnin Ƙonni ya nufi gabas bisa babbar hanyar kwalta, ya wuce Tsarnawa inda hanyar Tawa ta rabu, ya hangi gidan siminti na Malbaza, sa'an nan ya isa Galmi inda buhunan albasa suke jere a bakin titi, to, ya ratsa ƙasar da ta ji a jikinta abin da ya auku a Nijar tsakanin 1993 da 1996, ko da yake a Yamai aka yi rigimar. Mutumin da ficewarsa ta rusa gwamnatin wancan zamani, wato Mahamadu Isufu, ɗan Dandaji ne a ƙasar Illela, cikin Adar. Kuma babu inda sauyin darajar kuɗi yake saurin bayyana kamar bakin iyaka, domin tsakanin Ƙonni da ɗaya Illelar ta jihar Sakkwato tafiya ce ƙanƙanuwa, har ya zamana abin da manya suka yanke da dare a wani birni mai nisa, 'yan canjin Ƙonni ne suke fara ɗanɗana shi bayan sallar asuba.

Asalin al'amarin ya girmi ƙawancen kansa. Tun da farashin yuraniyom ya faɗi a shekarun 1980 baitulmali ya soma ramewa, kuma da Janar Seyni Kunce ya rasu a 1987, Ali Saibu ya gaji mulki tare da bashi mai nauyi. Babban taron ƙasa da aka zauna daga 29 ga Yuli zuwa 3 ga Nuwamba 1991 ya buɗe ƙofar jam'iyyu, amma ya ƙi amincewa da shirin tsuke bakin aljihu na Bankin Duniya da Asusun Ba da Lamuni, alhali kuwa babu wata hanyar samun kuɗi da aka tanada a madadinsa. Larura ta kai gwamnatin riƙon ƙwarya ta Amadu Shefu ga ƙulla hulɗa da Taiwan a 1992 don neman abin biyan albashi, kuma duk da haka malamin makaranta da ma'aikacin asibiti suka ci gaba da bin gwamnati bashin watanni.

A cikin wannan ƙunci aka yi zaɓen 'yan majalisa ranar 14 ga Fabrairu 1993. Tsohuwar jam'iyyar gwamnati, MNSD-Nasara ta Tanja Mamadu, ta zo kan gaba da kujera 29 daga cikin 83. CDS-Rahama ta Mahamman Usman ta sami 22, PNDS-Tarayya ta Isufu 13, ANDP-Zaman Lafiya ta Mumuni Adamu Jarmakwai 11. Da waɗannan uku suka ga ba wanda zai iya ka da Nasara shi kaɗai, sai suka haɗa kai da wasu ƙananan jam'iyyu a ƙawancen AFC, wanda kirarinsa shi ne canji, suka tara kujera 50. Ranar 27 ga Maris Mahamman Usman, mutumin Damagaram, ya ci zagaye na biyu na zaɓen shugaban ƙasa, aka ba Isufu firaminista, aka ba Jarmakwai shugabancin majalisa.

A nan nake so mai karatu ya tsaya tare da ni, domin a nan cutar take. Malamanmu na fiƙihu, idan sun zo babin tarayya a dukiya, sukan karantar da cewa riba da hasara tare ake raba su gwargwadon jarin kowa, kuma tarayyar da aka sharɗanta saɓanin haka ɓatacciya ce tun daga tushe. To, shugabannin canji sun yi ittifaƙi a kan ribar, sun san wanda zai hau wace kujera, har rabon muƙamai ga 'yan jam'iyya ya yi yawan da jama'a suka sa masa suna wasoso. Amma hasarar, wato wanda zai fito ya gaya wa ma'aikata cewa babu kuɗi, da wanda zai ɗauki zagin da zai biyo baya, wannan ba a ga alamar sun zauna a kansa ba. Tsarin mulkin Jamhuriya ta Uku kuma, wanda aka kwaikwayo daga na Faransa, ya raba iko tsakanin shugaba da firaminista ba tare da ya shata iyakar kowa filla-filla ba, irin gonar gado da aka bar wa 'yan'uwa biyu babu gamba a tsakani.

Hasarar kuwa ba ta daɗe ba ta iso. A watan Agusta 1993 babban bankin ƙasashen sefa ya daina fansar takardun kuɗinsa da suka fita wajen yankin, abin da ya girgiza cinikin da 'yan kasuwar Nijeriya suke yi na neman sefa a garuruwan iyaka. Sa'an nan a daren 11 ga Janairu 1994 aka yi shela daga Dakar cewa an karya darajar sefa da rabi: faran ɗin Faransa guda, wanda tun 1960 ake canza shi a kan sefa 50, ya koma 100. Washegari, cikin sanyin hunturu, ɗan canjin Ƙonni ya shimfiɗa tabarmarsa kamar kullum, damman naira a dama, na sefa a hagu, kowane ɗaure da roba, amma ya kasa faɗin farashi, domin jikar da take hannunsa jiya ba ita ce ta yau ba. Mai kanti ya rufe ƙofa ya sake lissafi. Magani da shinkafar waje da kayan gyaran mota suka tashi, fetur da taki da atamfar da ake fito da su daga Nijeriya su ma suka bi sahu. Matar malamin makaranta, wadda sunan mijinta ya riga ya cika shafi a littafin bashin mai kanti, ta je da dalolin da suka saba isarta cefane ta komo da rabin kwano.

Gaskiya dai ba kowa ne ya yi kuka ba. Manomin albasa na Galmi da Tsarnawa, wanda amfaninsa yake tafiya har Abijan da Akara, da mai kai shanu da raguna kasuwannin Nijeriya, sun sami sauƙin sayar da kayansu, kuma wannan shi ne maslahar da masu goyon bayan karya kuɗin suke kafa hujja da ita. Sai dai amfanin manomi a hankali yake zuwa, kaka bayan kaka, ba ya kuwa yin gangami. Zafin ma'aikaci kuwa nan take ne, ga shi da ƙungiyar ƙwadago ta USTN wadda ta iya tsai da ƙasa cik. Gwamnati ta sa hannu a yarjejeniya da Asusun Ba da Lamuni a watan Maris, cikin sharuɗɗan kuwa har da kada albashi ya bi tsadar kaya, sai yajin aiki ya biyo yajin aiki, 'yan adawa kuma suka cika titunan Yamai. Firaminista shi ne fuskar wannan magani mai ɗaci.

A irin wannan hali ne, ranar 21 ga Satumba 1994, shugaba Mahamman Usman ya fitar da wata doka wadda ta janye wasu ikoki daga ofishin firaminista ta mayar fadarsa. Kwana bakwai bayan haka Isufu ya ajiye aiki, Tarayya ta fice daga AFC da kujerunta 13, ta koma gefen Nasara, wato jam'iyyar da aka ƙulla ƙawancen domin a kawar da ita. Rinjaye ya kuɓuce. Sule Abdullahi na Rahama, wanda aka naɗa a gurbinsa, majalisa ta ka da gwamnatinsa ranar 16 ga Oktoba, washegari shugaba ya rusa majalisar. Aka koma rumfunan zaɓe ranar 12 ga Janairu 1995, shekara guda cur da karya sefa, a ƙasar da ba ta iya biyan malamanta.

Idan za a yi adalci, laifin bai tsaya a kan mutum guda ba. Shugaban da ya ɗora wa abokinsa kaya mafi nauyi, sa'an nan ya zare masa gammo a tsakiyar hanya, bai riƙe amanar ƙawance ba. Firaministan kuma, duk da yake yana da uzuri, ya san sarai cewa ficewarsa za ta bar ƙasa ba gwamnati a daidai lokacin da ake tsakiyar gyara, bayan an riga an sha ɗacin maganin, ba a kai ga samun lafiyar ba. Wannan shi ne abin da ya fi ci mini rai: talakan Ƙonni da Malbaza ya biya farashin karya kuɗi cikakke, amma shekarun da ya kamata a yi amfani da su wajen gyara kuɗin shiga na duwan, da tayar da gidan siminti, da raya noman rani na fadamar Ƙonni, sai aka ƙarar da su a gardamar wa yake da ikon naɗa wa.

Abin da ya biyo baya sananne ne. Nasara da Tarayya da abokansu suka sami kujera 43, Hama Amadu ya zama firaminista a watan Fabrairu, Isufu ya shugabanci majalisa, aka shiga zaman 'yan marina tsakanin fadar shugaba da gwamnati, har ta kai shugaba yana ƙin zaunar da majalisar ministoci. Alherin da za a tuna da shi a wannan shekara shi ne sulhun 24 ga Afrilu 1995 da 'yan tawayen arewa. Ranar 27 ga Janairu 1996 Kanar Ibrahim Ba'are Mainasara ya kifar da su duka, ya kafa hujja da wannan saɓani nasu.

Babban shirin gyaran tattalin arzikin da zaɓaɓɓu suka kasa haɗa baki a kansa, gwamnatin Ba'are ce ta ƙulla shi da Asusun Ba da Lamuni a watan Yuni 1996, kuma a ƙarƙashin mulkinsa aka sayar da gidan siminti na Malbaza ga 'yan kasuwa a 1998. Shi kuwa ɗan Dandaji, bayan ya hau mulki a 2011 da taimakon Hama Amadu, a watan Agusta 2013 jam'iyyar Lumana ta Hama ta fice daga ƙawancensa, a kan saɓanin rabon kujerun ministoci.