Yadda iyaye a Amurka suka buɗe ƙofar aji da takardar sammaci

Kafin 1975, shugaban makarantar gwamnati a jihohi da dama na Amurka yana iya duban yaro kurma, ko makaho, ko mai jinkirin fahimta, ya ce wa uwarsa ta koma da shi gida, kuma doka na bayansa. A Pennsylvania an yarje wa makarantu su ƙi karɓar yaron da aka auna hankalinsa aka ce bai kai na ɗan shekara 5 ba. Da majalisar dokokin ƙasar ta yi nata bincike, ta tarar da yara masu naƙasa sama da miliyan 1 waɗanda aka rufe wa ƙofar makarantun gwamnati gaba ɗaya.

Iyayen sun ari makami ne daga baƙaƙen fata. Hukuncin Brown na 1954, wanda ya haramta raba makarantu saboda launin fata, ya ce muddin jiha ta ɗauki nauyin ilimi, dole kowa ya samu daidai. A 1971 wata ƙungiyar iyaye ta maka jihar Pennsylvania a kotu da wannan hujja, jihar ta ga ba mafita ta amince da sulhu. A wannan shekarar kuma iyalan yara 7 suka kai ƙarar hukumar ilimi ta birnin Washington. Hukumar ta ce ba ta da kuɗi. A 1972 Alƙali Joseph Waddy ya ce in kuɗi sun gaza, a raba ƙarancin tsakanin kowa, ba a jibga shi kan naƙasassu kaɗai ba.

Daga nan aka samu dokar tarayya ta 1975, wadda Shugaba Gerald Ford ya sa wa hannu, aka sake mata suna a 1990. Ta ce kowane yaro mai naƙasa yana da haƙƙin ilimi kyauta wanda ya dace da shi. Malamai da iyaye za su zauna su rubuta masa tsarin karatunsa, in kuwa ba a daidaita ba, iyaye su nemi a saurare su gaban jami'i mai zaman kansa, daga nan sai kotu. To amma majalisa ba ta fayyace iyakar abin da ya dace ɗin ba, kason kuɗi na kashi 40 cikin ɗari da ta yi alkawarin bai wa jihohi kuwa ba ta taɓa cika shi ba. Aka bar hukumomin gunduma da lissafin kuɗi, aka bar iyaye da aikin ɗan sanda. A ganina duk rigimar da ta biyo baya a nan aka shuka ta.

Amy Rowley ce ta fara kai batun Kotun Ƙoli. Yarinya ce kurma, 'yar kurame, a wata firamare a jihar New York, mai kaifin basira da iya karanta motsin leɓe. Makaranta ta ba ta na'urar ji da malami na musamman, iyayenta suka ce sai an haɗa da tafintan maganar hannu, domin magana da yawa tana wuce ta a aji. Ƙananan kotuna biyu suka ba su gaskiya. A 1982 Kotun Ƙoli ta rushe hukuncin, alƙalai 6 a kan 3: tunda yarinyar tana cin jarrabawa tana wucewa aji na gaba, an sauke nauyi. Wato ƙoƙarinta ne ya kayar da ita. Shekara 35 lauyoyin hukumomin ilimi suna fakewa da wannan hukunci.

A tsakani an yi ta ja-in-ja kan wa zai biya. A 1985 kotu ta ce iyayen da suka mai da ɗansu makarantar kuɗi za a iya mayar musu da abin da suka kashe, in ta tabbata ta gwamnati ta gaza. A 2005 ta ce mai ƙara shi zai kawo hujja, mai ƙarar kuwa galibi iyaye ne, alhali takardu da ƙwararru duk suna hannun hukuma. Mai hali ya ɗauki lauya, talaka ya sa hannu a abin da aka miƙo masa.

Sai 2017 aka ɗaga ma'aunin. Iyayen wani yaro mai galahanga a gundumar Douglas ta jihar Colorado sun lura cewa kusan tsarin karatu ɗaya ake maimaita masa kowace shekara, suka cire shi a 2010 zuwa makarantar ƙwararru, ya kuwa samu ci gaba. Da suka kai ƙara, kotun ɗaukaka ƙara ta ce ko ɗan amfani kaɗan hukuma ta samar, ya wadatar. A Kotun Ƙoli, Alƙalin Alƙalai John Roberts da sauran alƙalan baki ɗaya suka ce a'a, dole tsarin ya kai yaro ga ci gaban da ya yi daidai da halinsa. A 2018 gundumar ta biya iyalin sama da dala miliyan 1, shekara 8 bayan sun fitar da ɗansu daga aji.