Zobban Newton da Tarihin Fahimtar Haske

Launukan da ke bayyana a jikin kumfar sabulu, ko a kan man da ya malala bisa ruwa, sun daɗe a gaban idon jama'a kafin masana su ba su muhimmanci. A shekarar 1665 Robert Hooke ya yi bayaninsu a littafinsa Micrographia, amma Isaac Newton ne ya mayar da su abin awo. Ya ɗora gilashi mai doro a kan shimfiɗaɗɗen gilashi, ta yadda iskar da ke tsakaninsu take ƙara kauri daga tsakiya zuwa gefe, sai ga zobba masu haske da masu duhu, wani cikin wani, kewaye da baƙin ɗigo. Ya auna su da matuƙar kulawa, ya gano cewa kaurin iskar a zobba masu haske yana bin tsarin 1, 3, 5, a masu duhu kuwa 2, 4, 6, ya kuma wallafa haka cikin Opticks a 1704.

Awon ya inganta, bayanin ne ya gaza, domin Newton ya karkata ga cewa haske ƙananan ƙwayoyi ne. Sai a 1801 Thomas Young, wani likita a Landan, ya nuna cewa haske yana tafiya ne tamkar igiyar ruwa: wani sashensa yana dawowa daga ƙasan gilashin sama, wani daga saman gilashin ƙasa, kuma idan suka haɗu tudu kan tudu sai haske ya ƙaru, idan tudu ya faɗa kwari sai su kashe juna. Abin da ya fi cancantar yabo shi ne Young bai watsar da aikin magabacinsa ba, da alƙaluman Newton ɗin ya lissafa tsawon igiyar kowane launi. Ya kuma warware matsalar baƙin ɗigon, inda ya ce ɗaya daga cikin igiyoyin biyu da suka dawo tana juyewa da rabin tsawonta, shi ya sa tsakiyar take duhu ko da yake tazarar ba komai ba ce.

Masu wasa gilashin na'urori suna duba waɗannan zobba har yau don gane ko doron ya daidaita, kuma bisa wannan ƙa'ida Alexander Smakula na kamfanin Zeiss ya ƙirƙiro, a 1935, siririn shafen da ke rage ƙyallin gilashi.