Jaridar aji: dabarar Freinet ta koyar da rubutu

Jaridar aji, wadda ake kira journal scolaire da Faransanci, ƙaramar jarida ce da ɗalibai ke rubutawa da kansu, su gyara, su buga, sannan su raba wa mutanen da ke wajen makaranta. Abin da ya raba ta da insha'in da aka saba shi ne mai karatu. Insha'i malami kaɗai ke ganinsa, ya bi shi da jan biro, ya ba da maki. Jarida kuwa iyaye da maƙwabta da yaran wani gari ne za su karanta, kuma yaron da ya san haka ba ya rubutun ganin dama.

Wanda ya fi shahara da wannan dabara shi ne Célestin Freinet, malamin firamare ɗan ƙasar Faransa, wanda aka haifa a 1896, ya rasu a 1966. An ji masa rauni a huhu lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya, har doguwar magana ta zame masa wahala. A 1920 ya fara koyarwa a ƙauyen Bar-sur-Loup da ke kudancin Faransa, a 1924 kuma ya shigo da ƙaramin injin ɗab'i cikin aji.

Aikin yana farawa ne da abin da ya kira texte libre, wato rubutun son rai. Ba a ba yaro take. Yakan rubuta abin da ya gani ko ya dame shi, rashin lafiyar akuyarsu ne, ko rigimar kasuwa, ko mafarki. Masu rubutu su karanta a gaban aji, a kaɗa ƙuri'a, wanda ya yi rinjaye a kwafe shi a allo yadda yake, da kurakuransa. Daga nan ajin gaba ɗaya ya shiga gyara, jimla bayan jimla, mai rubutun yana nan yana kare abin da yake nufi. A nan darasin nahawu yake, ba sai an ware masa wata sa'a ba. In an gama, yara su jera haruffan dalma ɗaya bayan ɗaya, su shafa tawada, su buga. Makarantun da ba su da halin sayen inji sukan yi amfani da limographe, ɗan katako mai raga da ake ɗora wa takardar sitensil.

A 1926 ajin Freinet ya fara musayar shafuka da ajin René Daniel a Trégunc, a yankin Bretagne da ke bakin teku. Ƴaƴan manoma suka riƙa bayyana rayuwarsu ga ƴaƴan masunta, kuma dole kowa ya yi bayani filla-filla, tun da mai karatun bai san garin ba.

Fitar da rubutun yara fili yana da nasa haɗari. A 1932, bayan Freinet ya koma Saint-Paul, inda yake takun saƙa da magajin gari kan lalacewar ginin makaranta, abokan hamayyarsa sun lilliƙa wani rubutun ɗalibi a bangon gari, wanda a ciki yaron ya ba da labarin mafarkin da ya yi an far wa magajin garin. Rikicin ya kai ga ɗauke shi daga makarantar a 1933. Shi da matarsa Élise suka buɗe tasu a Vence a 1935. Shi ya sa malamin da zai gwada dabarar ya kamata ya tace abin da ya shafi sirrin gida ko sunan wani kafin ya fita.

Malaman da ke bin tafarkinsa sun kafa ƙungiyar ICEM a 1947, da ta ƙasa da ƙasa, FIMEM, a 1957. A Afirka, makarantar ƙauyen Diawar da ke arewacin Senegal na cikin waɗanda aka fi sani da wannan tsari.

A ajin da ɗalibai suka yi yawa, ana iya raba su rukuni-rukuni, kowane rukuni da makonsa, a kafe shafin a bango in babu kuɗin kwafi. Inda yara ke karatu da Faransanci suna magana da Hausa a gida, kamar a Garwa ko Njamena, shafi mai harshe biyu yana ba iyayen da ba su yi boko ba damar a karanta musu abin da ɗansu ya rubuta da harshen da suke ji.