Zare: Daga wuƙar wanzami zuwa tiyatar rage ƙiba

1/ Jama'a, tallan tiyatar rage ƙiba da gyaran ciki ya cika mana TikTok da Instagram, har da farashi da tikitin Turkiyya ko Masar. Kafin wani ya sayar da gonar gado ya tafi, ku zo mu bi tarihin wuƙar nan: ina ta fito, wa ta ceta, wa ta halaka. Zaren da ɗan tsawo, ku gyara zama.

2/ Yankan jiki ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Daga Boyekai zuwa Rabah, kowane gari da wanzaminsa: ƙaho, kaciya, cire belu, tsagar gado. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya rasu a 1837 kuma hubbarensa ke Wurno, ya yi rubuce-rubuce kan magani, har da na basur da ciwon ido.

3/ Amma wa ya taɓa jin an kira wanzami ya rage teɓa? Ai ƙiba ita ce shaidar arziki. Amarya ta yi ɓul-ɓul, a ce mijin ya iya riƙo. Alhaji ya ajiye tumbi, a ce hutu ya zauna. Wanda ya rame kuwa tambayarsa ake yi lafiya. Ku duba sunan cutar ƙanjamau ma, daga ƙanjamewa aka samo shi.

4/ Ba mu kaɗai ba ne. Larabawan Azawak a jihar Tawa ta Nijar sukan ɗura wa yarinya kunun gero da nono tun tana famfara, don ta cika kafin aure. Rebecca Popenoe ta zauna cikinsu ta rubuta littafi a kai. Efik na Kalaba suna da ɗakin kiwata amarya. Murtaniya ma haka.

5/ Da ƙwayoyi suka shigo kasuwa, sai muka koma sha-ka-fashe. Cikinsu akwai deksametason, maganin da likita ke bayarwa don kumburi da asma. Shansa barkatai yana kumbura fuska, ya jawo hawan jini da ciwon suga, ya raunana ƙashi. Yau kuma yayi ya juya: shayin rage tumbi da siririn ƙugu. Ku riƙe wannan: yayi juyawa yake, tabon wuƙa kuwa yana nan.

6/ To ita tiyatar gyaran jiki ta zamani daga ina? Daga fagen yaƙi. A Yaƙin Duniya na Ɗaya harsashi ya lalata fuskokin dubban sojoji. Likita Harold Gillies ya jagoranci asibitin da aka buɗe musu a Sidcup, Ingila, a 1917. Sama da mutum 5,000 aka yi wa aiki: hanci, muƙamuƙi, leɓe. Burinsa mutum ya iya ci, ya iya magana, ya shiga jama'a.

7/ Irin wannan aikin ana yin sa a Sakkwato yau, kyauta. Asibitin Noma, wanda aka buɗe a 1999, yana gyara fuskar yaran da cutar noma ta ci, wadda wasu ke kira zaizayar baki. Tana farawa daga dasashi ta cinye kunci cikin kwanaki. Ta fi kama 'yan shekara 2 zuwa 6 masu tamowa, kuma idan ba magani takan kashe har 9 cikin 10.

8/ Ƙungiyar MSF na aiki da asibitin tun 2014. A Disamban 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa noma cikin jerin cututtukan da aka yi sakaci da su, kuma Najeriya ce ta jagoranci neman hakan. Idan kun ga yaro da kumburin kunci da warin baki, ku garzaya asibiti. Tiyatar gyaran jiki mafi muhimmanci a jiharmu, ta yaron da yunwa ta kama ce.

9/ Mu dawo kan ƙiba. Ayyuka uku ne mabambanta masu talla ke cakuɗa mana: tiyatar tumbi don rage ci, zuƙe kitse, da yanke fatar da ta saki bayan an rame. Kowanne da tarihinsa, da wanda ya dace da shi, da lokacinsa.

10/ Na farko, tiyatar tumbi. A 1954 likitoci a Minnesota, Amurka, suka fito da hanyar tsallake mafi yawan ƙaramin hanji don abinci ya wuce bai shiga jiki ba. Mutane sun rame sosai. Daga baya sai ga zawo ba tsayawa, tsakuwar ƙoda, lalacewar hanta. Wajen 1980 aka watsar da ita, bayan dubbai sun riga sun kwanta an yi musu.

11/ A 1966 Edward Mason na jami'ar Iowa ya kawo hanyar mayar da tumbi 'yar ƙaramar jaka a haɗa ta da hanji. Wadda ta fi yawa yanzu kuwa, yanke kusan kashi 80 cikin 100 na tumbi ake yi a cire. Ba a mayar da shi. Tana taimakon masu ciwon suga da hawan jini ƙwarai, wannan gaskiya ce.

12/ Sai dai tana da ma'auni. Ka raba nauyinka na kilo da tsawonka na mita sau biyu. Ƙa'idar 1991 ta ce sai ya kai 40, ko 35 tare da wata cuta. A 2022 aka sauko da shi zuwa 35, ko 30 ga mai irin ciwon suga. Bayanta kuma shan ƙarin sinadaran jini da bitamin B12 har ƙarshen rayuwa, mace ta jinkirta ɗaukar ciki wata 12 zuwa 18.

13/ Na biyu, zuƙe kitse. A shekarun 1920 likita Charles Dujarier a Faransa ya yi ƙoƙarin sirantar da ƙafar wata mata, ƙafar ta ruɓe, aka yanke ta. Sai a ƙarshen shekarun 1970 Yves-Gérard Illouz ya daidaita hanyar bututu marar kaifi. Aikinta gyaran siffa ne a wuri guda. Ba ta taɓa kitsen da ke kewaye da hanta da hanji, wanda shi ne mai cutar.

14/ Najeriya ta ga kuɗin wannan darasi. Ranar 23 ga Oktoban 2005, ana cikin jimamin faɗuwar jirgin Bellview da ya kashe mutum 117, sai ga labarin rasuwar Stella Obasanjo, matar shugaban ƙasa, a Marbella, Sifaniya. Tiyatar zuƙe kitse aka yi mata, saura makonni ta cika shekara 60.

15/ A 2009 kotu a Malaga ta samu likitan da laifin sakaci: bututun ya huda mata hanta da hanji, kuma an yi jinkirin kai ta babban asibiti. Hukunci: ɗaurin shekara 1, dakatarwar shekara 3, diyyar yuro 120,000. Matar shugaban ƙasa fa, da kuɗi, a Turai. Ina ga ni da ke da muka ga talla a waya?

16/ Ƙanwarta ita ce BBL: a zuƙo kitsen ciki a ɗura a mazaunai. Idan kitsen ya shiga jijiyar jini ya kai huhu, mutuwa ce cikin mintuna. Wani rahoton likitocin fiɗa na 2017 ya ƙiyasta mutuwar 1 cikin kusan 3,000. An tsaurara ƙa'ida tun daga nan, amma ƙa'ida sai a hannun mai bin ta.

17/ Na uku, fatar da ta saki. Wanda ya sauke kilo 40 ko 50, da tiyata ko da hana baki da motsa jiki, yakan samu fata ta zubo a ciki da damtse da cinya. A zafin Afirilu na Sakkwato, ƙarƙashinta zufa ce da ƙuraje da gyambo. Wannan matsala ce ta gaske, mai ita ba abin dariya ba ne.

18/ Nan lokaci ne komai. Likitoci kan ce a jira nauyi ya tsaya cak aƙalla wata 6, kuma bayan tiyatar tumbi a ba shi shekara ɗaya zuwa ɗaya da rabi. Ka yanke kana tsakiyar ramewa, fatar ta sake zubowa, ka sake biya. Jikin da ke ƙarancin jini da abinci mai gina jiki kuma ba ya saurin warkewa. Sauri ya haifi nawa.

19/ Addini fa? Malamai kan kafa hujja da sahabi Arfajatu ɗan As'ad, wanda aka sare wa hanci a yaƙi, Annabi (SAW) ya umarce shi ya sa na zinare. A 2007 majalisar fiƙihu ta ƙasashen Musulmi, a zamanta na Malesiya, ta halatta tiyatar gyara lahani, da ta rage ƙiba idan ta zama cuta kuma ba wata hanya. Ta hana canza lafiyayyar halitta don kwaikwayo.

20/ Don haka kafin ku sa hannu, ku tambaya. Likitan nan na da rajista da MDCN ko takwararta ta ƙasarsu? Ƙwararren likitan fiɗa ne? Wa zai sa ni barci? Akwai ɗakin kulawar gaggawa da jini a ajiye? Idan na dawo gida ɗinki ya ɓalle cikin dare, wa zan kira, kuma awa nawa daga Goronyo zuwa UDUTH?

21/ Wanda ƙiba ke ci wa gwiwa da numfashi, ya je asibitin koyarwa a auna shi, ba abin kunya ba ne. Wanda ya rame fata ta dame shi, ya jira jiki ya natsu tukuna. Wadda kuma hoton wata ne kawai ya hana ta barci, ta tuna iyayenmu sha-ka-fashe suka nema, mu muna neman akasinsa. Kada garin gyaran gira a rasa ido.

22/ Ku tura wa duk wanda kuka san yana tara kuɗin tafiya. Likitoci da 'yan ajin likitanci da ke nan, ku ƙara mana haske a ƙasa. Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi.