Suna Linzami: Yadda Aka Haɗa Lissafin Ƙasar Daura

Hausawa sun ce suna linzami ne. Doki komai ƙarfinsa, in an kama linzaminsa an kama shi. Haka abin ya ke a sha'anin mulki. Ba a iya ƙirga mutanen gari, ko a aza musu haraji, ko a haƙa musu rijiya, sai an san sunan garin, an kuma tabbata sunan nan guda ne a cikin kowane littafi. Aikin daidaita sunaye ba shi da kiɗa, ba shi da maroƙi, saboda haka masu ba da tarihi ba su cika kula da shi ba. Amma ƙasar Daura ta sha wannan aiki fiye da yawancin ƙasashen Hausa, domin an taɓa raba ta uku, aka sāke haɗa ta, sa'an nan aka yi ta ɗauke ta daga wannan lardi zuwa wancan. Labarin nan ya cancanci a sani, don har yau darasinsa bai tsufa ba.

Daura uku

Sa'ad da jihadin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya iso wannan nahiya, wajen 1805, Malam Isiyaku ne ya karɓo tuta ya ci birnin Daura. Sarkin Haɓe na lokacin, Sarkin Gwari Abdu, ya fita da jama'arsa. Zuriyarsa ba su bar sarautarsu ba, suka yi ta gwagwarmaya har suka kafu a Zango wajen 1825, wani reshe kuma ya kafu a Ɓaure. Aka wayi gari akwai Daura uku: ta Filani a cikin birni, da ta Zango, da ta Ɓaure. Ta Filani tana kai gaisuwa Sakkwato, sauran biyun kuwa suka koma ƙarƙashin inuwar Damagaram.

To, kowace fada da nata masu sarauta. Wanda ya ji an ce Galadima ko Kaura, sai ya tambaya na wace Daura. Bayan wannan kuma, a zamanin nan ba a raba ƙasa gunduma gunduma yadda muka sani ba. Mai sarauta yana zaune a gindin Sarki, garuruwansa kuwa suna warwatse, ɗaya gabas, ɗaya yamma, da na wani a tsakani. Jakadu su ke zuwa su karɓo kuɗin ƙasa, da zakkar hatsi, da jangalin shanu, da kuɗin karofi, da sauran kuɗin sana'a. Ba a tambayar ina gari ya ke, sai dai a tambayi wane ne ubangidansa. Lissafin yana cikin kan jakada da na maigidansa, ya kuwa ishe su, don su kaɗai ke bukatarsa.

Zuwan Turawa

Turawan Ingila suka ci Kano da Sakkwato cikin 1903, Faransawa kuma sun riga sun sauka Damagaram. Tsakanin 1904 da 1906 Turawan Ingila suka mai da Sarkin Zango Malam Musa kan gadon kakanninsa a birnin Daura, aka kau da sarautar Filani, aka haɗa ɓangarorin nan uku suka zama masarauta guda. Amma ba duk ƙasar ce ta dawo ba. Daga 1906 zuwa 1908 wani hafsan Faransa, Tilho, da na Ingila, O'Shee, suka bi daji suna kafa alamun iyaka, garuruwa da yawa na arewa waɗanda asalinsu na Daura ne suka faɗa hannun Faransa. Suna cikin Jamhuriyar Nijar yanzu.

Nan aiki ya tashi. Razdan yana so a ƙarshen kowace shekara ya aika wa Gwamna da takarda guda mai cewa ga yawan mutanen Daura, ga abin da aka tara, ga abin da aka kashe. Gwamna kuma yana so ya tara ta da ta Kano da ta Katsina da ta Zazzau, ya sami jimla guda. Amma ba a tara awaki da raƙuma a ce an sami shanu. Kafin a iya tarawa sai da aka daidaita abubuwa huɗu.

Na fari, wuri. Aka tattara garuruwan da ke maƙwabtaka da juna aka yi gunduma, aka ce hakimi ya fita birni ya zauna cikin gundumarsa. Ƙarƙashin hakimi dagatai, ƙarƙashin dagaci masu unguwa. Garin da ā da a ke kira na wane, yanzu sai a ce yana cikin gunduma kaza. Ga kuwa ungozoma ta san wahalar haihuwa: wanda ya zauna ya rubuta garuruwan fada uku cikin jeri guda, ba tare da ya tsallake wani ko ya maimaita wani ba, shi ya san abin da ya sha.

Na biyu, kuɗi. Da wuri a ke ƙirga, har keso guda ya kan ɗauki wuri 20,000, wani abu kuma damin hatsi a ke bayarwa ko tufa. Littafin Gwamna kuwa bai san kome ba sai fam da sule da kwabo, kwabo 12 sule guda, sule 20 fam guda. Aka dunƙule kuɗaɗen nan iri iri suka koma biyu, haraji da jangali.

Na uku, shekara. Malamai da watan sama su ke lissafi, shekarar Hijira kuwa kwana 354 ce, ta gaza ta Turawa da wajen kwana 11. Shekarar kuɗi ta Gwamnati kuma ba ta bi ko ɗaya ba, ran 1 ga Afrilu ta ke farawa. In wani ya ce harajin bana, sai an tambaye shi banar wa.

Na huɗu, sunayen ayyuka, shi ne kuwa ya fi wuya. Wani Bature, H. R. Palmer, shi ya fara tsara baitulmali a Katsina, zuwa 1911 kuma aka baza tsarin a sauran masarautu. Daga nan duk abin da aka tara sai ya shiga baitulmali, Gwamnati ta ɗauki kasonta, En'e ta riƙe nata, kowane ma'aikaci a yanka masa albashi. Kowace shekara a kan rubuta ƙiyasi, kowane irin aiki da kansa: hakimai, dagatai, alƙalai, ma'aji, masu tsaro, gidan yari, gine-gine, makarantu, asibiti, daga baya aka ƙara noma da dabbobi da gandun daji. Kawunan nan iri ɗaya ne a kowace En'e, don a iya gwada ta nan da ta can.

To, amma fada ba haka ta rarraba mutanenta ba. Ɗauki dogari. Bafade ne, mai tsaron Sarki ne, ɗan aike ne, shi ke kamo ɓarawo, shi ke tsare shi. Ƙarƙashin wane kai za a rubuta albashinsa? In Daura ta sa shi cikin fadawa, wata En'e ta sa nata cikin masu tsaro, wanda ya duba jimla sai ya ce Daura ba ta kashe kome wajen tsaro, alhali ga dogarai nan cike da ƙofar fada. Lissafi daidai ne, amma labarin da ya bayar ƙarya ne. Sai da aka yanke shawara guda, kowa ya bi ta, kana jimlar ta zama abin dogara.

Rubutu uku, gari ɗaya

Har wa yau ga matsalar rubutu. Malamin hakimi da ajami ya saba. Malamin ofis da boko ya ke rubutu, boko kuwa a lokacin bai zauna ba. Hanns Vischer, wanda a ke kira Ɗan Hausa, ya fitar da ƙa'idodin rubutun Hausa cikin 1912, amma haruffan nan masu ƙugiya, watau ɓ da ɗ da ƙ, sai a shekarun 1930 aka tsai da su, jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo kuma da ta fara fitowa cikin 1939 ta baza su ko'ina. Kafin nan Bature ya kan rubuta suna yadda kunnensa ya jiye masa. A hayin iyaka kuma Faransawa da tasu hanya: Daura su rubuta Daoura, Tasawa su rubuta Tessaoua, Damagaram kuwa Zinder su ke kiran birninta. Ko yau, dubi Mai'aduwa. Wani ya rubuta Mai'adua, wani Maiaduwa, wani ya raba kalmar biyu. Mutum ya san gari ɗaya ne, littafi bai sani ba.

Akwai kuma akasin haka, watau suna ɗaya garuruwa da yawa. Ban da Zangon Daura akwai Zangon Katab can kudancin ƙasar Zazzau ta da. Sabon Gari kuwa wa ya san iyakarsu?

Kada mai karatu ya ce wannan damuwar malaman ofis ce kaɗai. A ce ƙauye ya shiga littafin haraji sau biyu da rubutu biyu. Kuɗin da za a nema wurin dagaci ya ninka, shi kuwa ba daga aljihunsa zai fitar ba, kan talakawa zai faɗa. A ce kuma wani ƙauyen ya ɓace daga jerin da a ke dubawa in za a raba rijiyoyi ko a aiko da masu lamba. Mutanensa sun biya haraji, amma ranar rabo ba su nan. Littafin haraji ma magidanta da samarin da suka isa biya ya fi kula da su, ƙidayar jama'a irin ta 1952 da ta 1963 kuwa kowa ta ke ƙirgawa har jariri. Wanda ya ɗauki adadin wannan ya gwama da na wancan bai san bambancinsu ba, ya yi lissafin dokin Rano.

Kiɗa ya yi ta sākewa

Da fari Daura tana cikin Lardin Kano. Cikin 1934 aka kafa Lardin Katsina, aka haɗa masarautun Katsina da Daura a ciki, zamanin Sarkin Daura Abdurrahman, wanda ya yi sarauta daga 1911 har 1966. Cikin 1967 ta shiga Jihar Arewa ta Tsakiya, wadda aka sāke wa suna Jihar Kaduna cikin 1976, cikin 1987 kuma aka yanke Jihar Katsina. A zamanin Janar Gowon Gwamnati ta karɓe 'yan doka da gidajen yari da kotunan alƙalai daga hannun En'e. Cikin 1973 naira ta maye gurbin fam, naira 2 a fam guda. Cikin 1976 ƙananan hukumomi suka gaji En'e, cikin 1979 kuma Gwamna Balarabe Musa ya soke haraji da jangali a Jihar Kaduna. Ƙasar da ke da baitulmali guda yanzu ƙananan hukumomi biyar ce: Daura, Ɓaure, Zango, Mai'aduwa da Sandamu.

Saboda haka wanda ya ce zai gwada yawan makarantun Daura na 1960 da na yau, sai a tambaye shi wace Daura. Ta 1960 masarauta ce duka. Ta littafin ƙaramar hukuma kuwa ɗaya ce cikin biyar. In bai tara biyar ɗin ba, sai ya ga kamar an ci baya inda aka ci gaba.

Darasi ga jami'o'i

Cikin Disamba 1919 ba wanda ya yi mafarkin jami'a a Daura. Shekara ɗari bayan nan, cikin Disamba 2019, Shugaba Muhammadu Buhari, ɗan garin, ya aza harsashin Jami'ar Sufuri a can. Jami'a kuwa ƙaramar masarauta ce. Tana da tsangayoyi kamar gundumomi, da sassa kamar dagatai, tana kuma da littattafai da yawa, ko da ya ke yanzu cikin kwamfuta su ke. Ofishin rajista da nasa, ofishin kuɗi da nasa, ma'aikatan albashi da nasu. A waje kuma ga hukumar JAMB da aka kafa cikin 1978 mai kula da shiga jami'a, ga Hukumar Jami'o'i ta Ƙasa mai neman rahoto, ga hukumar bautar ƙasa.

Sassan nan ba su zama wuri ɗaya. A kan raba sashe ɗaya ya zama biyu, a kan haɗe biyu su zama ɗaya, a kan ɗauke wani daga wannan tsangaya zuwa waccan. Jami'a kanta ta kan sāke suna: wadda Jihar Katsina ta kafa cikin 2006 ta koma Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa cikin 2009. In ofishi guda ya gyara littafinsa sauran ba su gyara ba, sai a ga sashe da malamai ba ɗalibai, wani kuma da ɗalibai ba kuɗi. Kwamfuta ba ta warkar da wannan. Ta fi malamin haraji sauri, amma ba ta kai shi sanin gari ba: harafi ɗaya ya bambanta, sai ta ce abu biyu ne. Wanda abin ke faɗa wa kuwa shi ne ɗalibin da ya gama karatu, aka tarar sunan fanninsa a wannan littafi ya saɓa da na wancan, ya zauna gida yana jiran gyara 'yan'uwansa sun tafi bautar ƙasa.

Maganin bai wuce abin da tarihin Daura ya koyar ba. A ba kowane sashe lamba guda wadda ba ta sākewa ko da an sāke suna. A ajiye jadawali guda mai nuna sunan da kowane ofishi ke kiran sashen da shi. In an raba ko an haɗe, a rubuta ranar da aka yi, kada a goge tsohon suna, don da shi za a gane lissafin bara. Sa'an nan a ɗora wa mutum guda riƙon jadawalin nan, domin abin da ya ke na kowa ba mai kula da shi.

Kai kuma mai karatu, da Allah ya sa ka koyi karatu da girmanka, kana da naka rabo cikin aikin. Duk takardar da aka ba ka, ta gona ce, ko ta asibiti, ko ta makarantar ɗanka, duba yadda aka rubuta sunanka da na garinka. In ya saɓa da na wata takardar, koma a gyara tun alƙalami bai bushe ba. Kakanninmu da yawa sun biya abin da ba su ci ba don ba su iya duba littafi ba. Kai ka iya.