Kwabo Hamsin da Suka Girgiza Jami'o'in Najeriya

A watan Afrilun 1978, ɗaliban jami'o'in Najeriya sun fita zanga-zanga saboda ƙarin kwabo hamsin a kuɗin abincinsu na yini. Kuɗi ne kaɗan, amma sai da aka zubar da jini.

A shekarun da arzikin man fetur ya bunƙasa, gwamnatin tarayya ta ɗauki nauyin ɗalibi kusan gaba ɗaya: ɗakin kwana, asibiti, da abinci sau uku a farashi mai rahusa. A 1975 aka kafa sababbin jami'o'i da kwalejojin jami'a guda bakwai, ciki har da na Sakkwato, Maiduguri da Jos. Ɗalibai suka yi ta ƙaruwa, amma babu wani asusu na dindindin da aka ware domin ciyar da su. Da kuɗin mai ya ja baya, gwamnatin Janar Olusegun Obasanjo ta rage tallafin.

Ƙungiyar ɗalibai ta ƙasa, NUNS, ƙarƙashin Segun Okeowo, ta buƙaci a janye ƙarin, kuma Kwamishinan Ilimi, Kanar Ahmadu Ali, ya sauka. Daga nan boren ya samo sunansa, "Ali Must Go". An harbe ɗalibi Akintunde Ojo a Legas, sojoji suka kashe wasu a Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya. Gwamnati ta rufe jami'o'i, ta haramta ƙungiyar. Cikin shekarun 1980 aka daina ciyarwar kwata-kwata, ɗalibai suka koma ga risho da masu sayar da abinci.

Rancen karatu ma ya gamu da irin wannan cikas. Hukumar ba ɗalibai rance da aka kafa a 1972 ta durƙushe, domin ana bayarwa amma ba a iya karɓowa. Yanzu NELFUND, wadda ta fara aiki a 2024, tana biyan kuɗin makaranta tare da ba ɗalibi naira 20,000 a wata.

Darasin 1978 bai tsufa ba. Ga ɗan talaka, abinci da wurin kwana su ne ke yanke hukuncin ko zai kammala digiri. Tallafin da aka gina kan farashin mai yakan rushe idan farashin ya faɗi, kuma sauyin da aka yi ba tare da shawarar ɗalibai ba yakan ƙare a kan titi. Gwajin NELFUND zai zo ranar da rukunin farko za su fara biyan bashi.